Wa Zai Karɓa wa Ɗan Habibu Aure?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauki Malam Habibu daga ƙofar gidansa a Wudil aka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, don ban ga abin da zan faɗa da ya wuce Allah ya jiƙansa ba, wannan kuwa ba sai na shigo jarida ba. Bana kam ina da abin faɗa, ko da yake ba daɗinsa nake ji ba. Ɗansa na fari, Aminu, ya yi aure a watan jiya, kuma yadda aka yi aka kai ga auren nan har yau yana tsaye mini a wuya.

Sunana Hadiza, shugabar wata makarantar firamare ce ni a nan Wudil, ina hangen ritaya tana hangena. Ajinmu ɗaya da Habibu a kwalejin horon malamai a cikin birni. A shekarar farko aka zaɓe shi monita, don kawai shi ne mai agogo, kuma daga ranar bai sake sauka daga muƙamin ba. Mun gama karatu, mun yi aure, mun yi furfura, Monita dai muke ce masa, shi kuma yana amsawa da gaske, kamar har yanzu akwai wanda zai tambaye shi inda sauran 'yan aji suka shiga.

Da muka gama, gwamnati ta watso da yawanmu makarantun Wudil da ƙauyukanta, a nan muka fara sanin ɗanɗanon albashi. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci, mazan ajinmu kan taru a gindin gada wajen masu suyar kifi, su ci su yi ta musu a kan gwamnati, kasuwa na ci a gefensu, shanu na ta wucewa. Mu matan ba ma zuwa, amma ba a taɓa mantawa da ƙunshinmu ba, Habibu ne ke kawowa a bayan keke. A wajen kawo kifin nan ne ƙunshin Binta, ƙawata da muke ɗaki ɗaya tun kwaleji, ya fara fin nawa nauyi. Na yi ƙorafi, aka ba ni haƙuri da kan kifi. Kafin shekara ta zagayo ni ce babbar ƙawar amarya.

Kowa ya san a ƙasar nan uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, ba ya kuma zama ya ba da 'yarsa da bakinsa. Wa ko ƙane ko amini ake wakiltawa, shi uban ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Habibu shi kaɗai ne namiji a gidansu a Indabo, don haka ya san zafin rashin ɗan'uwa tun kafin ya haihu. Ranar sunan Aminu, bayan an ci an sha, ya tsayar da mazan ajinmu ya ce daga yau sun zama 'yan'uwan juna a wannan sha'ani: ɗan kowa, ɗan ajinsa ne zai je ya nema masa aure ya karɓa masa, 'yar kowa, ɗan ajinsa ne waliyyinta. Aka yi dariya, don a lokacin babban ɗa a cikin 'ya'yanmu ko firamare bai shiga ba. Amma aka shafa fatiha a kan haka.

Shi kam bai ɗauki abin da wasa ba. Sauran mazan duk suka bar alli ɗaya bayan ɗaya, shi ya zauna a aji har ya mutu, da tsohon babur ɗinsa mai tari. Da 'ya'yan waɗanda suka riga shi yin aure suka taso, shi ne ya kwana a mota har Gombe ya nema wa ɗan Sani abokin ajinmu aure, shi ne ya ba da 'yar farin Garba, shi ma ɗan ajinmu, ya kuma zaunar da angon ya yi masa faɗan da sai da yaron ya yi gumi. Binta takan ce ta auri mijin jama'a, babbar rigarsa ɗaya tal ta san ƙofar gidan kowa a jihar nan. Idan ta yi mita sai ya ce mata, "Ki bari, ajiya nake yi wa yaran nan."

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, bai daɗe a kwance ba. Ranar uku, mazan ajinmu suka yi sallama suka shigo cikin gida yi wa Binta ta'aziyya, ina zaune kusa da ita. Sani ne ya yi magana, hawaye na bin gemunsa: "Binta, yaran nan uba ɗaya suka rasa. Ga mu nan, duk ubanninsu ne." Kuma kada in ci haƙƙinsu, ba su yi ƙarya ba ta fuskar aljihu. Sani ya ɗauki karatun Aminu har ya gama jami'a. Garba ya gyara rufin gidan da damina ta kusa kayar da shi. Lawan bai taɓa barin azumi ya kama ba tare da buhu ya sauka a ƙofar Binta ba. Wanda ya ce mutanen banza ne, ni ce farkon mai ƙaryata shi.

Yanzu ga inda rayuwa ta ajiye mu. Sani ya shiga kwastan, ya yi sama, rabinsa na Legas rabinsa na Abuja, ya gina gida a Kano mai ɗakuna kamar otal, maigadi ne kaɗai ke kwana a ciki. Garba ya shiga siyasa, ya yi majalisa sau ɗaya, ya faɗi zaɓe, tun daga nan yake jiran a kira shi a ba shi wani abu, ciwon suga na cin ƙafarsa a hankali. Lawan ya zama farfesa, 'ya'yansa maza suna ƙasashen waje, ta waya yake ganin jikokinsa, su kuma ba sa jin Hausar da yake yi musu. Ni kuwa maigidana ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, da safe in juya shi in tafi makaranta, da yamma in dawo in juya shi. Babu wanda bai samu wani abu ba a cikinmu, babu kuma wanda abin da ya samu bai gajiyar da shi ba.

Muna da guruf a waya, sunansa ma na Habibu aka sa. Da asuba ana turo addu'o'i, da rana a turo hoton wani a bakin ofis, da dare a yi musun siyasa har wani ya yi fushi ya fita, a lallaso shi ya dawo. Idan an yi wa wani rasuwa, kafin a gama wanka an jera ta'aziyya ta fi hamsin, kowa ya sauke nauyi yana kwance a gadonsa. Nakan tambayi kaina me Monita zai ce da ya ga wannan. Ina jin da farko zai yi murna, ya ce ga aji ya taru wuri ɗaya ba sai ya ƙona mai ba. Bayan mako guda kuma zai fara bi gida-gida yana tambaya ko lafiya, tunda ya ga rubutun mutum bai ga ƙeyarsa ba.

Ana tsakiyar damina Aminu ya zo gidana. Ya zama cikakken saurayi, yana haɗa wa mutane wutar sola, ba ya roƙon kowa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya shiga ya gaida maigidan, ya fito ya zauna yana ta murza hula.

"Mama Hadiza, dama Umma ce ta ce in zo in same ki."

Na gane nan take. Binta irin matan da ne, ɗan fari ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki a kan aurensa. Duk abin da ya shafi Aminu, ta bakina take magana tun yana cikin zani. Na ce masa, "To wace ce, kuma 'yar gidan wa ce?" Ya ce sunanta Safiya, tana aiki a ƙaramin asibitin Darki, a can ya gan ta da ya je sa musu sola. Mahaifinta Malam Idi manomi ne, ya ce in da gaske yake ya turo magabatansa.

Da tun farko limamin unguwa da maƙwabta biyu muka roƙa suka je, da an gama magana tuni. Amma Aminu ya riga ya yi baki. Da Malam Idi ya tambaye shi dangin uba, sai ya ce mahaifinsa ba shi da wa ba shi da ƙane, amma ya bar masa iyaye uku da suka fi 'yan'uwan jini, ya kuma lissafa su da sunayensu. Ba alfahari yake yi ba, abin da aka gaya masa tun yana yaro ya maimaita. Malam Idi ya ce madalla, su yake son gani. Ya kuma gaya masa gaskiya cewa akwai wani ɗan ƙanwarsa da iyayensa suka riga suka zo gaisuwa, 'yan'uwansa sun fi karkata can, shi dai ya tsaya ne don ya ga inda hankalin yarinya yake. Ya ce zai jira har a gama girbi, bayan nan ba shi da abin da zai ce wa danginsa.

Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi murnar da suka yi ba ta baka ba ce. Sani har da kabbara. Garba ya ce shi zai yi magana a wajen, don ya fi su iya baki. Lawan ya ce ranar da ya daɗe yana jira ke nan. Aka tsayar da wata Asabar, aka aika wa Malam Idi.

Ranar ta zo. Sani aka kira shi taro Legas. Garba ya ji ana ɗaurin auren 'yar wani jigon jam'iyya, wanda idan ba a ga fuskarsa a can ba to ya ƙara shekara huɗu a benci. Lawan yana wata jami'a yana duba ɗalibai. Kowannensu ya saki jiki cewa sauran biyun za su je, babu wanda ya kira wani, babu wanda ya kira ni. Da Sani ya farga, sai ya yi abin da ya saba yi a ofis: ya tura wakili. Wani yaronsa mai riƙe masa waya, wanda ko Aminu ya girme shi, ya shiga baƙar mota mai sheƙi da huhun goro da katan-katan na alawa, ya nufi Darki neman aure.

Malam Idi ya shimfiɗa tabarmi a zaure, ya tara ƙannensa da liman tun hantsi. Ya karɓi yaron da mutunci, aka kawo masa ruwa da fura, aka tambaye shi hanya. Da ya gama, Malam Idi ya sa aka mayar da goron cikin but ɗin motar, ya ce, "Ka gaida Alhaji da kyau. Ka ce na ga mota, na ga goro, na gode. Mutum nake jira." Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da mayar da goro yake nufi. Da labari ya iso mu, Binta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Aminu kuwa kare su ya shiga yi, yana cewa ai su Baba manya ne, abubuwa sun yi musu yawa. Wannan kariyar ta fi komai ƙona mini rai.

Na samu wadda za ta zauna da maigidana, na hau mota zuwa Kano da faɗa cike da bakina. Gidan Garba na fara zuwa. Ƙofar da a da sai ka ture mutane kafin ka shiga, ranar akuya ce kwance a wajen. Na same shi a falo shi kaɗai, ƙafa a naɗe a kan matashi, wayoyi biyu a gabansa yana kallonsu. Na zazzage masa duk abin da na zo da shi, har da wanda ban yi niyya ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Hadiza, duk abin da kika faɗa haka ne. Wallahi na gaji. Kullum ina bin ƙofar yaran da na girma ina gaishe su. Ranar nan a ɗaurin auren ko kallona mutumin bai yi ba." Sai na ga tsoho a gabana, ba Garban da ke hawa tebur yana kwaikwayon shugaban kwaleji ba. Faɗan ya mutu a bakina, na koma tambayarsa ko yana shan maganinsa.

Lawan ma haka na same shi, cikin takardu har wuya, shayi ya huce a gefe, yana ta ba ni haƙuri kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. A mota ina dawowa na yi ta tunani. Da mugaye ne da abin ya zo mini da sauƙi, sai in zage su in huta. Ba su daina son Habibu ba. Sun dai saba ne da duniyar da komai ana iya aikawa, kuɗi a aika, gaisuwa a aika, ta'aziyya a aika, har suka manta akwai abin da sai mutum ya kai jikinsa ya zauna a tabarma ƙafarsa ta yi sanyi. Amma dai na dawo da alkawari: Garba da Lawan za su zo tare, Sani ya ce duk abin da suka yanke ya amince. Na aika a ba Malam Idi haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya kawo su. A lokacin an fara yankan gero.

Su suka zaɓi rana da kansu, wai Juma'a bayan masallaci, don ita ce ranar da ba su da aiki. Da na gani a waya sai da na sake karantawa. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu suna cin kifi a gindin gadar Wudil duk Juma'a, su ne suka manta ranar kasuwar Wudil. Na rubuta musu cewa su fito da sassafe su yi sallah a nan. Lawan ya turo mini hoton babban yatsa. Ba su fito ba sai bayan an sauko.

La'asar ta yi, wayata ta yi ƙara. Lawan ne, ina jin hon da kukan shanu a bayansa. Ya ce sun fi awa a tsaye, tirelolin shanu sun toshe hanya tun kafin gada, gaba ba ta yiwuwa. Na ce, "Farfesa, ku sauka ku tako. Aminu na wannan ƙetaren da babur, ya samo na abokinsa ma. Kafin magariba kuna Darki." Na ji suna shawara ƙasa-ƙasa. Sai Garba ya karɓi wayar.

"Hajiya Hadiza, da wace ƙafar zan tako? Kuma fisabilillahi a gan ni a bayan acaɓa da babbar riga, gobe a sa ni a waya? Ki ba dattijon nan haƙuri, a sa wata ranar."

Ƙafar gaskiya ce, na gan ta da idona. Sauran maganar ita ce ban iya haɗiyewa ba. Suka samu inda direba ya juya, suka koma Kano. Aminu ya tsaya a bakin gada yana leƙen kowace mota har aka fara kiran sallah. Ba sai na tambayi kaina abin da Monita zai yi ba, don na taɓa ganinsa ya tuɓe takalmi ya ratsa ruwa har gwiwa don ya halarci sunan 'yar wani masinja.

Washegari na yi abin da ba a yi. Na sa mayafina na hau motar Darki ni kaɗai. Mace ba ta da wurin zama a zauren neman aure, amma ba mai hana ta shiga cikin gida. Na gaisa da mahaifiyar Safiya, ta karɓe ni a sanyaye, ban kuma ga laifinta ba, sau biyu tana dafa abincin baƙi ana rabar da shi ga maƙwabta. Yarinyar ta kawo mini ruwa idonta a kumbure. Can sai ga Malam Idi ya dawo daga gona, dogo siriri, ƙaiƙayi a hularsa. Na sauka daga kujera na gaishe shi, ya tsaya daga nesa ya amsa.

Na ce, "Malam, na san ba a karɓar irin wannan magana daga bakin mace. Ban zo neman aure ba, na zo ne kada a ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Bai yi maka ƙarya ba. Abin da muka gaya masa ya gaya maka."

Ya cire hula ya kakkaɓe ƙaiƙayin. Sannan ya ce, "Hajiya, sau biyu ina tara ƙannena. Jiya har wanda ba ma ga maciji da shi na aika wa ya zo. Kin san abin da suke faɗa yanzu." Na ce na sani. Ya ce, "To ki gaya mini tsakaninki da Allah, yaron nan wa ya rage masa?" Na buɗe baki zan fara lissafi irin na Aminu, sai na ji ba zan iya ba. Na ce uwarsa, sai ni. Ya tambaye ni wane irin mutum ne uban. Na ba shi labarin rigar nan guda ɗaya da babur mai tari, da 'ya'yan mutane da ya tsaya wa. Ya saurara yana kaɗa kai, ya ce in gaida gida, zai yi shawara. Na fito ban san ko na gyara ko na ƙarasa ɓatawa ba.

Aka gama girbi shiru. Aminu ya rame, ya daina zuwa Darki don kunya, ya daina ambaton kowa. Sai wata rana ga ƙanen Malam Idi a ƙofar gidana da saƙo: an ba Aminu, a kawo sadaki daidai ƙarfi, an sa rana, kada a wahalar da kowa da wani zuwa. Na sa a guruf. Kafin in ajiye wayar an cika ta da barka, kowa na cewa in sha Allahu da shi za a yi.

Kuma sun zo, don ɗaurin aure ba ya buƙatar zaman tabarma mai tsawo. Sani ya sauko daga jirgi da safe, Garba ya zo da sanda, Lawan da sauran 'yan aji da na daɗe ban gani ba, motoci har bakin masallacin Darki, yara na ta zagaye su. Ni ina cikin gida tare da matan da muka zo daga wajen ango, muna ji ta lasifika. An gaya mini daga baya cewa a sahun gaba su ukun sun yi ta turawa juna girma, wannan na cewa Alhaji kai za ka karɓa, wancan na cewa a'a Honarabul ai kai ne mai baki.

Liman ya tambayi waliyyin amarya, ƙanen Malam Idi ya amsa. Ya ce wa ke karɓa wa ango. Na ji gyaran murya, na san ta Garba ce. Kafin ya yi magana wata murya ta riga shi, a hankali, ba tare da ɗagawa ba.

"Ni ne. Yarinya na ba ƙanena, shi ne ubanta yau. Yaron nan kuwa ni zan karɓa masa, ɗana ne."

Muryar Malam Idi ce, uban amarya. Sai liman ya ce babu abin da ya hana a shari'a, ya ci gaba. Malam Idi ya nemi auren 'yar cikinsa daga hannun ƙanensa, ya miƙa sadakin, ya ce ya karɓa wa Aminu ɗan Habibu. Matan gidan suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuskata, ban san ko kukan daɗi nake yi ko na kunya ba, ina jin duka biyun ne.

A hanyar komawa suka tsaya a Wudil yi wa Binta barka. Ina wajen Aminu ya shigo, ya durƙusa har ƙasa a gabansu, ya bi su ɗaya-ɗaya. "Alhaji, na gode da karatu, Allah ya saka. Honarabul, an sha hanya, Allah ya ƙara sauƙi. Farfesa, na gode." Ladabinsa bai ragu da ƙwayar zarra ba, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. Sai dai yaron nan tun da ya fara magana bai taɓa kiran ɗayansu da wani suna ba sai Baba. Sani ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi babu komai, ya rasa inda zai ajiye shi.

Na daɗe ina zaton abin da Habibu ya bari shi ne mu, ajin nan da ya yi ta tattarawa har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu na san shi kaɗai ne yake ɗauke da mu, da ya sauke kowa ya kama gabansa, ba da mugunta ba, da gajiya. Abin da ya yi imani da shi, cewa ɗan da ba shi da kowa ana tashi a tsaya masa, bai mutu ba. Na gan shi da rai a Darki, a wajen mutumin da bai taɓa ganin Habibu ba, bai kuma taɓa shiga ajinmu ba. Allah ya jiƙan Monita, ya sa ajiyar da ya ce yana yi ta same shi a can, tunda a nan ba a wajenmu aka same ta ba.

A makon jiya Lawan ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce autarsa ta kawo miji, ana maganar bayan Sallah, yayyenta ba za su samu zuwa ba, shi kuma ba shi da ɗan'uwa a raye.

"Hadiza, wa kike ganin zan roƙa ya ba da ita?"

Na riƙe wayar ina bin 'yan ajinmu a zuciya, ɗaya bayan ɗaya, har na kai ƙarshe. Shi ma ina jin abin da yake yi ke nan, don bai sake tambaya ba.